Yadda za ka gane bugun zuciya tun yana zuwa a ɓoye, da abin da za ka yi har a kai asibiti

Jama'a yawancinmu abin da muka ɗauka bugun zuciya shi ne mutum ya dafe ƙirji ya ƙwalla ihu ya yanke jiki ya faɗi, irin yadda ake nunawa a fim, to wallahi sau da yawa ba haka yake zuwa ba. Wani zai ci tuwon dare lafiya lau, bayan isha'i ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji, ya ce olsa ce ta motsa, a aika yaro kemis ya sayo maganin olsa ya kora da ruwa, a ce bari mu ga zuwa safe. Wannan "zuwa safe" ɗin ita ce ta cinye mutane da yawa, kuma saboda ita na zauna rubuta wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 17.9 ne suka mutu ta dalilin cututtukan zuciya da jijiyoyin jini, kashi 85 cikin 100 na su bugun zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu ne. Don haka a daina cewa ciwon Turawa ne ko na masu kuɗi.

Mataki na farko, ka fahimci abin da ke faruwa a ciki, don in ka fahimta ba sai an roƙe ka ka yi sauri ba. Ita zuciya tsoka ce, kuma duk da ita ke harba jini ko'ina a jiki ita ma tana da nata ƙananan jijiyoyin da ke kawo mata jini. Shekara da shekaru kitse na taruwa a jikin bangon waɗannan jijiyoyin suna ƙara tsukewa mutum bai sani ba, ranar da wannan kitsen ya tsage sai jini ya daskare a wurin ya zama guda ya toshe hanyar. Kamar lambun da aka datse wa hanyar ruwa ne, duk shukar da ke gaba da wurin da aka datse za ta fara yaushi, in an buɗe da wuri ta farfaɗo, in an daɗe ta bushe. Tsokar zuciya tana fara mutuwa cikin kamar minti 20 zuwa 30 bayan toshewar, lalacewar tana ta yaɗuwa awa bayan awa, kuma inda ya mutu ba ya dawowa, tabo yake zama. Shi ya sa za ka ga wanda ya tsira amma an makara ya ƙare da zuciya mai rauni, ƙafa na kumbura, ba ya iya hawa bene.

Mataki na biyu, ka san ko kana cikin waɗanda ya kamata su fi sa ido. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai shan sigari ko shisha, mai ƙiba musamman tumbi, wanda aka taɓa ce masa kitse ya yi yawa a jininsa, mai ciwon ƙoda, wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan uwansa na jini ya yi ciwon zuciya tun bai tsufa ba, namiji da ya haura 45, mace bayan al'ada ta ɗauke. In kana da biyu ko uku cikin waɗannan to duk wani baƙon abu da ka ji tsakanin cibiya da muƙamuƙi kada ka raina shi. Matasa ma yana samun su, sai dai ba kamar manya ba.

Mataki na uku shi ne asalin maganar, wato alamomin, kuma nan zan ɗan daɗe.

Na ƙirji tukuna. Mutane da yawa da abin ya same su in ka tambaye su ƙirjinka na ciwo ne za su ce maka a'a ba ciwo ba ne, nauyi ne, ko an danne ni ne, ko an ɗaure ni tamau, ko wani zafi-zafi kamar ƙwannafi. Ka lura da hannun mutum lokacin da yake maka bayani, wannan abu ne da likitoci ke lura da shi: in ya dunƙule hannu ya ɗora a tsakiyar ƙirji ko ya shimfiɗa tafin hannu yana murza wurin gaba ɗaya, wannan ya fi kama da na zuciya, in kuwa da ɗan yatsa ɗaya ya nuna maka wuri ɗaya tak ya ce nan ne, kuma in ka danna wurin ya ƙara zafi, sau da yawa tsoka ce ko haƙarƙari. Na ce sau da yawa, ban ce kullum ba, kada ka mai da kanka likita da wannan.

Sai kuma ciwon da ke tafiya. Yana iya sauka hannun hagu, ko na dama, ko duka biyun, ya hau wuya, ya kama muƙamuƙi har mutum ya ɗauka haƙori ne ya fara neman mai cire haƙori, ko ya koma baya tsakanin allon kafaɗu. Wani ma ƙirjin shiru, hannun kawai ne ya yi masa nauyi, hannun ya mutu murus.

Sai wanda ya fi yaudarar mu, na saman ciki wajen ƙahon zuciya. Zafi, kumburin ciki, gyatsa, tashin zuciya har da amai. Mu kuwa a nan kowa mai olsa ne, ko an gwada ko ba a gwada ba, mutum ya ji zafi a ciki sau biyu shikenan ya yi wa kansa suna. To ga abin da za ka tambayi kanka: wannan zafin irin wanda na saba ji ne ko daban yake? Ya zo da gumi? Ya zo da haki? In na yi tafiya ƙaruwa yake? In amsar ɗaya daga ciki e ce to ka ajiye maganar olsa gefe sai likita ya duba zuciya. Kuma don ka sha maganin olsa ka ji ɗan sauƙi ba hujja ba ce, ciwon zuciya ma yakan lafa da kansa ya dawo.

Gumi. Dan Allah ku riƙe wannan. Gumi mai sanyi da ke keto wa mutum yana zaune ba aikin komai, fanka na kaɗawa ko ma cikin hunturu, goshi ya jiƙe riga ta manne, ka taɓa fatarsa ka ji sanyi da danshi, fuska ta yi wani fari-fari leɓe ya bushe. In wannan ya haɗu da ko wane irin nauyin ƙirji ko na ciki, ba sauran shawara, a tafi.

Sai numfashi da gajiya, waɗanda su ne suka fi zuwa wa iyayenmu mata. Hajiya da kullum ita ke share tsakar gida ta ɗora girki, kwana biyu sai ka ga ta ɗan yi shara kaɗan ta nemi kujera ta zauna tana mai da numfashi, ta yi raka'a biyu ta ji kamar ta yi dako, dare ya yi ta kasa kwanciya sai ta jingina da filo, ka tambaye ta ta ce ba komai gajiya ce kawai ko maleriya ke son kama ni. Mata sukan ji ciwon ƙirjin su ma, amma sun fi maza zuwa da sarƙewar numfashi, tashin zuciya, ciwon baya ko muƙamuƙi, da kasala marar dalili wadda kan fara kwanaki kafin babban abin. Gashi matanmu akwai haƙuri da ɓoye ciwo, ba sa son a ce sun tayar wa mutane hankali, to kai ɗa ko miji kai za ka matsa, ka ce Umma tashi mu je a duba, ko ta ce a bari.

Masu ciwon suga nasu ya fi ban tsoro, saboda suga in ya daɗe yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, sai bugun zuciya ya zo ba tare da wani ciwon kirki ba, abin da za a gani kawai gumi, amai, haki, jiri, ko sugan ya hau haka kawai. Tsofaffi kuma wani lokaci ruɗewa ce kawai, Baba ya fara magana ba kan gado ko ya faɗi a banɗaki ko ya suma ya farfaɗo, sai a fara cewa tsufa ne ko iska ce. In mai suga ya yi gumi da jiri a gwada sugan in akwai na'ura a gida don saukar suga ma na kawo haka, amma in sugan lafiya yake ko an ba shi abu mai zaƙi bai dawo daidai ba, asibiti.

Akwai kuma gargaɗin da ke zuwa tun makonni kafin nan wanda mutane ke wucewa ta kansa. Kana tafiya masallaci da sauri ko kana hawa bene ko kana tura babur ko ranka ya ɓaci, ƙirji ya ɗaure, ka tsaya ka huta minti biyu uku ya sake ka. Wannan zuciya ce ke gaya maka jinin da ke zuwa mata ba ya isar ta in aiki ya ƙaru. Ka ga likita cikin kwanakin nan, kada ka ɗaga. In kuwa ya fara zuwa da ƙaramin aiki fiye da da, ko yana daɗewa, ko yana zuwa kana zaune ko ya tashe ka daga barci, wannan ya zama na gaggawa a ranar.

Mataki na huɗu, yanke shawara, kuma ka yanke ta da agogo. Ka duba lokacin da abin ya fara ka riƙe, likita zai tambaya kuma maganin da za a bayar ya dogara da shi. In nauyin ƙirji ko ɗaya daga cikin alamomin nan ya wuce minti 5 mutum na hutawa bai tafi ba, ko ya tafi ya dawo, a ɗauka zuciya ce har sai asibiti sun ce ba ita ba ce. Ba a jiran gari ya waye, ba a jiran a idar da biki, ba a jiran Alhaji ya dawo daga kasuwa. Wannan ta ƙarshen magidanta ku warware ta tun yau, ka gaya wa iyalinka a fili cewa in irin wannan ta taso ko ba ka nan ko wayarka ba ta shiga an ba su izini su tafi.

Mataki na biyar, abin da za a yi a gida cikin mintunan da ake neman mota. Mutum ya daina duk abin da yake, a zaunar da shi a ƙasa ya jingina da bango ko filo, gwiwa a ɗan tanƙwashe, a sassauta masa wuyan riga da mazagi, a buɗe taga, a rage taron mutane a kansa. Kada a sa shi tafiya da ƙafa zuwa bakin titi in akwai yadda za a kawo abin hawa ƙofar gida, kuma kada ya tuƙa kansa ko mota ko babur, don zuciyar na iya rikicewa a hanya ya suma a kan sitiyari. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, a kira, amma wani ya tafi buga ƙofar maƙwabci mai mota ko ya tsayar da adaidaita sahu a lokaci guda, duk wanda ya riga zuwa a bi shi. Goyon babur shi ne zaɓin ƙarshe, in dole ne to wani ya zauna a bayansa ya riƙe shi.

Asfirin. In babba ne kuma yana cikin hayyacinsa, a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, taunawa fa, don ya fi saurin shiga jini, in irin ƙananan nan ne masu 75 da masu hawan jini ke sha to guda 4. Aikinsa hana gudan jinin ƙara girma, ba ya buɗe hanyar, don haka ba madadin asibiti ba ne kuma kada a ɓata rabin awa ana yawon neman kemis a buɗe. Ba a ba wanda asfirin ke yi wa borin jini ko tayar masa da asma, ba a ba wanda ke aman jini ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko wanda likita ya hana. Kuma in abin da ka gani karkacewar baki ne, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta harɗe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, kada a ba da asfirin don tana iya zama jini ne ya fashe a ƙwaƙwalwa, a wuce asibiti kai tsaye. Farasitamol ko diklofenak ko ibufurofen ba sa yin aikin asfirin a nan, kada a musanya. In mutum na azumi ya karya, marar lafiya an yi masa rangwame ya rama daga baya, ba a jiran magariba da wannan.

Wanda dama likita ya rubuta masa ƙwayar nan ta ciwon ƙirji da ake sawa ƙarƙashin harshe ya yi amfani da ita yadda aka koya masa yana zaune. Amma kada a ari ta wani. Kuma ga wata magana da kunya ke hana faɗa: in mutum ya sha maganin ƙarfin maza irin su Viagra a ranar ko jiya, ko irin haɗe-haɗen da ake sayarwa a kwalba waɗanda ba ka san me aka zuba ciki ba, to kada ya sa wannan ƙwayar, haɗuwarsu na faɗar da jini ƙasa warwas. A gaya wa likita gaskiya ko a raɗa ne.

Abubuwan da ba sa aiki kuma suna cin lokaci: shafa man zafi a ƙirji, jiƙa kanwa, ɗura wa mutum ruwa, hayaƙi, da saƙon nan da ke yawo a WhatsApp wai in kana kai kaɗai ka yi ta tari da ƙarfi zai cece ka, ba gaskiya ba ne, in kai kaɗai ne ka kira mutum a waya, ka buɗe ƙofar ɗaki don a iya shigowa, ka zauna. Addu'a kuwa a yi ta sosai, a cikin mota ana tafiya.

Mataki na shida, in mutum ya faɗi ba ya amsawa kuma ba ya numfashi, ko yana wani irin jan numfashi jefi-jefi kamar minshari. Wannan zuciyar ce ta tsaya, kuma a nan mintuna ake magana. Ba yayyafa ruwa ba fifita. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka durƙusa gefensa, ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, ka danna da ƙarfi ƙirjin ya shiga kamar santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu duk daƙiƙa, kana barin ƙirjin ya dawo bayan kowace dannawa. In ka gaji wani ya karɓa ba tsayawa. Ko ka ji haƙarƙari ya yi ƙara ka ci gaba. Masu kallon ƙwallo za su tuna Christian Eriksen na Denmak da ya faɗi a fili ranar 12 ga Yuni 2021 a wasansu da Finlan, danna ƙirji nan take da na'urar da ke ba zuciya shokin lantarki su suka dawo da shi, har ya koma buga ƙwallo. In mace ce ta faɗi kuma namiji ne kawai a kusa ya danna, ceton rai ne.

Mataki na bakwai, wane asibiti da me za ka ce. A je inda ke da sashen gaggawa mai aiki dare da rana da na'urar ECG, wato mai gwada yadda zuciya ke bugawa, ba kemis ba, ba ɗakin wani mai allura a unguwa ba. Manyan asibitocin koyarwa irin Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri da Jos, ko Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, suna da likitocin zuciya, amma in suna da nisa a fara da babban asibiti mafi kusa su duba su tura. Da an shiga kada a bi layin yankar kati a zauna shiru, ka je wajen nas ka ce ƙirjinsa ya ɗaure tun ƙarfe kaza, yana gumi, yana da hawan jini ko suga, muna tsoron zuciya ce. Ƙa'idar da likitoci ke bi a duniya ita ce a yi ECG cikin minti 10 da isowa, don haka ba rashin kunya ba ne ka roƙa a yi da wuri. A taho da ledar magungunan da yake sha duka, har na gargajiya, a kuma faɗa in an ba shi asfirin.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani, ECG na farko na iya fitowa lafiya alhali abin na nan. Shi ya sa ake maimaitawa, kuma ake gwajin jini da ake kira turoponin, wani sinadari ne da ke fita daga tsokar zuciya in ta ji rauni, shi ma bai cika hawa nan take ba sai an sake ɗiba bayan wasu awanni. To in likita ya ce ku zauna a sake gwaji kada ku ce ai ya ji sauƙi mu tafi gida, ko ku ɗauka kuɗi ake so a ci. In an tabbatar hanya ce ta toshe gaba ɗaya, ko dai a yi allurar da ke narkar da gudan jinin, wadda ta fi aiki a awannin farko kuma bayan awa 12 amfaninta ya ragu sosai, ko a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko cinya a buɗe wurin a sa ɗan ƙarfen da zai riƙe shi a buɗe, wannan kuma ba kowane asibiti ke yi ba, shi ya sa ake so a isa da wuri don in tura ku za a yi a samu lokaci.

Na san abin da ke hana mutane da yawa tafiya kuɗi ne, da kuma kunyar a je a ce ai iska ce a ciki. In an ce iska ce alhamdulillahi, an biya kuɗin ECG an dawo gida an yi barci, babu likitan kirki da zai yi maka faɗa don ka kawo mai suga ɗan shekara 60 da ke gumi yana dafe ƙirji. Maganar kuɗi kuma, gidan da ke da dattijo mai hawan jini ko suga ya kamata 'ya'ya su haɗa wani abu su ajiye don irin wannan daren, a san a hannun wa yake, a kuma duba inshorar lafiya ta jiha ko ta tarayya in akwai hali.

Bayan an sallamo, magungunan da aka rubuta, na hana jini daskarewa da na rage kitse da na hawan jini, ba a dainawa don an ji garau, musamman wanda aka sa wa ƙarfen nan, in ya daina na hana daskarewar jini da kansa wurin na iya sake toshewa. Sigari da shisha a bar su gaba ɗaya, a rage gishiri da dunƙulen miya da soye-soye, a koma tafiya a hankali yadda likita ya tsara, a riƙa zuwa kilinik ranar da aka ba da. Kafin azumi ya zo a je a tambayi likita ko zai iya da yadda za a juya lokutan shan maganin. Sauran mutanen gida da suka haura 40 su ma su je a auna jininsu da suga, in awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama a maimaita a wata ranar, in ya sake nuna haka a ga likita. A rubuta sunan asibitin da za a nufa, lambar maƙwabci mai mota da ta wani mai adaidaita da ke amsa waya da dare, a manna a bangon falo, a ajiye asfirin inda kowa a gidan ya sani kuma yara ba sa kaiwa.